Datsun 240Z da Birkin da Ya Fi Ƙarfin Ƙafar Mai Ita

Motar da mai ita

Motar Datsun 240Z ce ƙirar 1972, kujera biyu, sitiyari a hagu. Kawuna ne mai ita, ƙanin mahaifiyata, injiniya da ya yi ritaya, shekarunsa sittin da bakwai, mazaunin Jos. Ni nake riƙe masa littafin da muke rubuta duk abin da aka yi wa motar, daga ciki na tsamo wannan bayani.

Kamfanin Nissan ya fito da wannan ƙira a ƙarshen 1969. A Japan Fairlady Z ake ce mata, a Amurka kuwa, inda aka fi sayenta, 240Z. Injinta L24 ne, silinda shida a jere, cc 2,393, da kafireto biyu, nauyin motar duka ya ɗan haura tan ɗaya. Irinta ce ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1971 da 1973, kuma tun a wancan lokaci, yana ɗan sakandare, Kawu ya ƙwallafa rai a kanta. Sai bayan ya ajiye aiki ya samu wannan daga Amurka.

Birkinta na asali faifai ne a gaba, ganga a baya, da masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa ƙafafu, mai faɗin inci 7/8. Tsakanin feda da masta akwai busta, tukunyar ƙarfen nan baƙa da ke manne da bangon da ya raba inji da direba. A cikinta akwai fatar roba da ta raba ta gida biyu. Inji yana zuƙe iskar ɓangarorin biyu ta wani tiyo da ya fito daga manifol, bututun da iska ke bi ta shiga inji. Idan direba ya taka birki, sai wani bawul ya buɗe, iskar waje ta shiga ɓangaren baya kaɗai, ta tura fatar gaba, ita kuma ta tura sandar da ke danna masta. Wato nauyin iskar duniya ne ke taya ƙafa aiki. Abu biyu ke ƙayyade yawan taimakon: faɗin fatar, da ƙarfin zuƙar inji.

Wanda ya riƙe motar a Amurka ya canja mata abu uku. Ya sa kam shaf na gudu, wanda ke ƙara ƙarfi idan inji ya ɗau zafin juyi amma yana rage zuƙa a silo. Ya cire kalifofin gaba, masu matse takalman birki a jikin faifai, ya sa na Toyota masu fistin huɗu, irin na tsofaffin Hilux. Da ya ga sun fi shan mai, feda tana nutsewa, sai ya sa masta na 280ZX mai inci 15/16. Bustan kuwa ya bar shi yadda kamfani ya sa shi.

Faɗin bakin masta na 7/8 murabba'in milimita 388 ne, na 15/16 kuma 445. Babban yana tura mai da yawa, amma da ƙarfin ƙafa iri ɗaya matsin da yake bayarwa ya ragu da kusan kashi 13 cikin ɗari. Sannan ga Jos kanta. Garin yana kan tudu kimanin mita 1,200 daga teku, iskarsa ba ta kai ta Legas nauyi ba. Gejin zuƙa, wanda ke auna ƙarfin zuƙar inji da inci, yakan rasa kusan inci ɗaya a kowace ƙafa dubu da aka hau, saboda haka mota tana isowa Jos ta yi asarar wajen inci huɗu ba tare da komai ya lalace a jikinta ba. Babu ɗaya daga cikinmu da ya kawo wannan a ransa da farko.

Disamba: ranar da abin ya fito fili

Tun zuwan motar Kawu yake cewa birkin da tauri, amma yana ɗauka haka tsofaffin motoci suke. Gwiwarsa ta dama kuma ta daɗe tana damunsa, musamman in hunturu ya kama. A makon ƙarshe na Disamba muna dawowa daga ɗaurin aure, muka shiga cunkoson Terminus, a taka a saki, a taka a saki. A taku na huɗu ko na biyar a jere wani mai Keke ya tsaya cak a gabanmu zai ɗauki fasinja. Na ga Kawu ya ɗago daga kujera yana danna feda da dukan jikinsa, hannunsa ya kai ga birkin hannu. Motar ta tsaya, tsakaninta da Keken bai kai taki ɗaya ba, ga mace da goyo a kujerar baya.

Bai ce komai ba har muka isa gida. Da ya kashe inji ya miƙo mini makulli ya ce, “Ajiye wannan. Ba zan sake hawanta ba sai an gano abin da ke damunta.”

Abin da na rubuta a littafi ranar: taku na farko da sauƙi-sauƙi, na biyu ya fi tauri, daga na uku feda kamar dutse. Feda ba ta nutsewa, mai bai ragu ba, babu ɗigo a ƙasa.

Janairu: gwaji uku da ba su kai ko'ina ba

Garejin da ke kusa da gida muka fara kai ta. Suka ce takalman birkin gaba ne suka ƙone, aka canja. Suka zubar da tsohon mai, wanda ya yi baƙi kamar shayi ba madara, aka zuba DOT 4, aka fitar da iska a ƙafa huɗu. Canjin man ya dace, don man birki yana shan ruwa daga iska, kuma DOT 4 da ke tafasa a digiri 230 yana sabo yakan sauko wajen 155 idan ya jiƙa. Taurin feda dai yana nan.

Mako na biyu aka buɗe gangunan baya, aka share ƙura, aka matso da lainin. Feda ta ɗan hau sama, taurin bai motsa ba.

Mako na uku wani ya ba da shawarar a sa busta na wata motar Japan ta baya-bayan nan, mai fata biyu, na Beljiyam. Muka samo a kasuwar Dilimi. Da aka kawo shi jikin mota, ramukan kusoshinsa huɗu ba su hau na bango ba, sandarsa ta baya ba ta kai ga feda ba, kuma tsawonsa ya turo masta gaba har fayif ɗin birki suka kasa kaiwa. Aka fara maganar a yanke sanda a yi mata walda a ƙara tsawo. Kawu ya ce a'a, sandar da ransa ya rataya a kanta ba za a yi mata ƙari ba. Muka mayar da kayan, mai shago ya cire nasa kaso ya ba mu saura.

A duk watan nan babu wanda ya auna komai.

Fabrairu: an sa geji

Wani abokin Kawu ya haɗa mu da wani dattijon bakanike a Farin Gada, wanda ya koyi aiki a zamanin da Datsun 120Y ta cika tashoshin Arewa. Malam muke ce masa, yaransa kuma Oga. Bai taɓa sifana ba ranar farko. Ya zauna a kujerar direba inji a kashe, ya taka feda sau biyar, ya riƙe ta, ya ce a tayar. Idan busta lafiya lau yake, feda takan sulale ƙasa kaɗan da zarar inji ya kama. Tamu ta ɗan motsa da ƙyar. Ya sake takawa inji na silo, ya karkata kai yana saurare. Ana jin wani huci siriri daga ƙarƙashin dashbod, inji kuma ya yi tuntuɓe kamar zai mutu.

“Alhaji, iska take sha ta inda bai kamata ba,” ya ce. “Amma ba wuri ɗaya ba ne.”

Ya ɗauko gejin zuƙa, mai lamba daga sifili zuwa 30, ya haɗa da manifol. Inji mai lafiya da kam na kamfani, a gari na bakin teku, yakan nuna tsakanin 17 da 21 a silo. Namu ya nuna 10, allura tana rawa. Kwana uku ana bin sawu, ga abin da aka samu.

Tiyon da ya tafi busta ba na zuƙa ba ne, tiyon fetur ne aka sa, ya yi laushi yana shaƙewa, kuma ya tsage a ƙarƙashin kilif. A ƙirar nan manifol na shiga da na fitar hayaƙi duk a gefen hagu suke, gefen da busta yake a mota mai sitiyarin hagu, don haka zafi ya daɗe yana gasa shi. Gaskit ɗin manifol yana shan iska ta silinda na shida. Da aka fesa ɗan fetur a wurin sai silo ya tashi. Kafireto biyun ba su daidaita ba, tayimin kuma ya yi baya.

Sai ƙaramin bawul mai hanya ɗaya da ke kan tiyo. Aikinsa ya bar iska ta fita daga busta, ya hana ta komawa. Shi ya sa busta ke riƙe zuƙa mafi ƙarfi da inji ya yi, wadda ake samu idan an ɗaga ƙafa daga totur mota na cikin giya, ya ajiye ta har lokacin da za a buƙata. Malam ya cire namu ya hura ta nan, iska ta wuce. Ya juya ya hura ta can, ta wuce. Ya miƙo mini ya ce in gwada da bakina don in yarda. Wannan ya bayyana abin da ya faru a Terminus: a cunkoso inji na silo, zuƙa ba ta da ƙarfi, ajiya kuma babu.

Bayan an canja tiyo da bawul da gaskit, an daidaita kafireto da tayimin, geji ya nuna 14 a silo, allura a tsaye, yana kaiwa 20 idan an saki totur a kan hanya. Malam ya ce da wannan kam ɗin, a kan wannan tudun, kada mu sa ran fiye da haka.

Feda ta yi sauƙi ƙwarai, amma hucin bai daina ba. Da aka kashe inji geji na haɗe da busta, allura ta faɗi ƙasa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Aka sauke shi, aka karkata, man birki ya zubo kusan cikin ƙaramin kofin shayi. Tsohon masta ne ya yi ta ɗiga a ciki kafin a canja shi a Amurka, man ya ci fatar har ta tsage. Busta dai dole a canja. Abin da ya rage, irin nasa za a nemo ko wanda ya fi shi.

Kawu ya ɗauki biro. Bustan 240Z na farkon ƙira faɗinsa daga waje wajen inci 7 ne, fatarsa inci 6. Na 280Z, wadda aka yi daga 1975 zuwa 1978 a kan gangar jiki iri ɗaya, wajen inci 8.5 ne daga waje, fatarsa inci 7.5. Murabba'in inci 28 ke nan da 44. A zuƙa 10 ƙaramin ba zai iya tura fiye da kilo 63 ba. A 14 zai kai 88. Da motar tana bakin teku da kam na kamfani tana ba da 18, da ya kai 113, abin da aka tsara birkin a kansa ke nan, da ƙaramin masta ma. Babban kuwa a zuƙa 14 yana iya kaiwa kilo 138. Lissafin takarda ne, bai cire abin da sifirin na ciki ke ci ba, amma ya isa a yanke shawara. Akwai wanda ya fi wannan girma, na ƙirar mai kujera huɗu, sai dai Malam ya auna tazarar da ke tsakanin ramin feda da masta na kuloci ya ce babu wurinsa. Aka yi odar na 280Z da aka sabunta, daga Amurka.

Maris zuwa farkon Afrilu: ɗaurawa

Mako biyar muka jira. Kafin a ɗaura, Malam ya haɗa shi da tiyon wata mota, ya ja zuƙa, ya toshe, allura ta tsaya ba ta sauka ba. Sannan ya yarda a taɓa bangon mota.

Kusoshinsa huɗu sun fi na tsohon buɗewa. Aka yanka kwali, aka fitar da ramin tsakiya da na kusoshi, aka ɗora a bango ana kula ramin tsakiya ya zauna daidai kan na asali, don in sanda ta karkace za ta riƙa cin bawul ɗin ciki. Sababbin ramukan sun faɗo dab da tsofaffin, ƙarfen bangon kuma siriri ne mai shekara hamsin da ɗoriya. Saboda haka aka yanko farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 aka sa ta ciki, kusoshin suka ratsa ta cikinsa, aka yi fenti a bakin kowane rami saboda tsatsa. Da aka ɗaure, abin da ya rage tsakanin tukunyar da masta na kuloci bai kai kaurin ɗan yatsa ba, amma ba sa taɓa juna. Aka daidaita sandar baya har feda ta dawo tsayinta na da, da ɗan wasa kaɗan a sama, aka gyara makunnin fitilar birki. Yini biyu wannan ya ci.

Ranar da za a haɗa masta aka yi wa Malam rasuwa a Bauchi, ya tafi. Ya ce a jira shi. Ni na matsa wa babban yaronsa a ƙarasa, don na ga abin da ya rage noti biyu ne da fitar da iska, kuma ina son in kai wa Kawu motarsa kafin Juma'a.

Matsala ta farko: feda ta nutse, birki ya cafke

Da muka tayar, feda ta tafi kusan ƙasa ba tare da wata turjiya ba, sannan birki ya cafke gaba ɗaya, har goshina ya kusa dukan sitiyari a cikin gareji. Muka ce iska ce. Muka fitar da iska sau uku, fiye da lita ɗaya ta mai ta tafi, babu kumfa ko ɗaya, babu canji. Sai muka ce sandar gaba ce ta gaza. Kanta yana da zare, muka warware shi muka ƙara tsawo. Feda ta ɗan hau, cafkar ta ƙaru.

Malam ya dawo bayan kwana uku. Ya taka sau ɗaya, ya fito, ya tara yaran ya ce, “Wa ya zaro sandar nan?” Ƙaramin cikinsu ya ce, “Oga, ni ne, na ciro ne in goge mata mai, na mayar nan take.”

A gindin sandar gaba akwai wata 'yar roba zagayayya, kamar kwabo amma ta fi shi kauri. Ita ke raba ƙarfi tsakanin ƙafa da fata, tana mayar wa direba da wani kaso na turjiyar masta. Ta nan ƙafa ke sanin nawa ta taka, bawul kuma ya san inda zai tsaya. Idan aka zaro sanda, robar takan biyo ta ta faɗa cikin tukunya. Ba ita, busta bai san rabi ba, ko babu ko duka. Aka sake sauke shi. Malam ya haska tocila ta ramin gaba yana juya tukunyar a hankali, ga ta kwance a ƙasa. Da siririyar waya ya lallaɓo ta, ya goge, ya ɗiga gam a gindin sanda ya manna ta, ya mayar. Kaurinta ya kai milimita 6, daidai ratar da muka yi ta nema da man birki.

Matsala ta biyu: birki ya riƙe a hanyar Bukuru

Da robar ta koma, tsawon da muka ƙara wa sanda ya zama ƙari. Yaron ya mayar da zaren baya da ido, ya ce ya ƙirga juyin da ya yi. Ba mu gaya wa Malam mun taɓa zaren ba, shi kuma ya ɗauka yadda ya zo daga masu sabuntawa yake. A gareji komai daidai: feda a sama, taushi, tayoyi na juyawa da hannu.

Na fita gwaji ta hanyar Bukuru, yaron na gefena. Wajen kilomita takwas sai na ji motar tana nauyi, ina ƙara totur tana ja baya. Feda ta hau sama ta yi tauri. Wari ya shigo. Na sauka gefen titi, motar ta tsaya da kanta ban taka komai ba. Rim ɗin gaba ba ya taɓuwa don zafi, hayaƙi siriri na fita ta bayan taya. Mu biyu muka tura, ko motsi.

Na kira Malam na faɗa masa gaskiyar abin da muka yi. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, “Kada ku zuba ruwa a faifan. Ɗauki sifana, ka sassauta notin nan biyu da suka riƙe masta a jikin busta, juyi biyu kowanne.” Ina sassauta na biyu na ji wani ɗan ƙas daga ƙafafun gaba, motar ta fara gangarawa da kanta sai da yaron ya sa dutse.

A cikin masta akwai wani rami ƙanƙane kamar na allura, wanda mai ke komawa tanki ta cikinsa idan an saki feda. Sanda in ta yi tsawo, tana riƙe fistin gaba kaɗan, robarsa ta rufe ramin. Birki ya ɗan yi zafi, mai ya kumbura, ba hanyar komawa, sai ya matse takalma, zafi ya ƙaru, matsi ya ƙaru. A sanyi ba a ganin komai, shi ya sa ta wuce gwajin gareji.

Washegari Malam ya auna da baniya, ma'aunin nan na ƙarfe mai auna zurfi da kauri: zurfin ramin bayan fistin masta, a cire kaurin kafaɗar masta da ke shiga cikin busta, a gwada da yadda sanda ta fito daga fuskar busta. Ta wuce da milimita 1.5. Ya mayar har ya bar rata ta kusan milimita 0.3, ya ɗaure. Ya tabbatar ta wata hanyar: ya buɗe murfin tanki, ya sa a taɓa feda a hankali, muka ga mai ya ɗan yi tsalle a ciki, alamar ramin a buɗe yake. Takalman gaba sun yi ƙyalli saboda ƙuna, aka canja su karo na biyu cikin wata huɗu, aka sake zuba sabon mai. Faifan ba su lanƙwashe ba.

Ƙarshen Afrilu zuwa Yuni: awo

Tun a Fabrairu, bayan gyaran zuƙa amma da tsohon busta, Kawu ya sa mun yi awo a wani miƙaƙƙen titi da ba kowa da sassafe: gudun kilomita 60, a taka a kan layin alli, a auna da tef, sau uku kowa, a ɗauki na tsakiya. Awo ne na gida, ana iya samun kuskuren mita ɗaya ko biyu. Ni na tsaya a mita 23, tayoyin gaba suna kuka. Kawu ya tsaya a 31, tayoyinsa ba su ko yi ƙara ba.

Da sabon busta, a wuri ɗaya: ni 23, Kawu 23.

Abin da ya fito sabo shi ne tayoyin gaba suna saurin kullewa, har a ƙafar Kawu. Malam ya duƙa ya karanta lambobi huɗun da ke gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Shekarunsu goma sha ɗaya. Zanensu bai cinye ba, amma robar ta bushe ta yi tauri. Aka sa sababbi huɗu a farkon Mayu. Awo na uku: ni 18, Kawu 19.

Gwajin cunkoso ma an yi, inji na silo, taku shida a jere. Feda ta ɗan ƙara tauri a na biyar, amma ba ta zama dutse ba. Bayan an kashe inji ana samun taku biyu masu taushi kafin ajiya ta ƙare. Da ruwan sama ya sauka Kawu ya yi mako biyu yana koya wa ƙafarsa sabon birkin a cikin unguwa, don motar ba ta da na'urar hana taya kullewa, kuma ƙafar da ta saba dannawa da ƙarfi ba ta daina rana ɗaya. A Yuni muka sauka Hawan Kibo muka hau, shi ke tuƙi, a giya ta uku da ta biyu. A ƙasa na taɓa rim, ɗumi kawai.

Abin da muka fahimta

Sabon busta ya yi aikin da aka saye shi dominsa, kuma awon ya nuna iyakar aikin. Bai rage mini ko mita ɗaya ba, don ƙafata tana iya kulle tayoyin tun da tsohon. Kawu ya rage wa mita takwas, saboda ya ba gwiwarsa damar kaiwa inda birkin ke iya kaiwa. Mita huɗu zuwa biyar da suka biyo baya na taya ne, kuma da mun duba lambar nan tun Disamba da mun same su da wuri.

Haɗarin Terminus kuwa, a ganina, bawul mai hanya ɗaya da tiyo da fatar da ta tsage ne suka jawo shi. Da an sa geji a Janairu, da ba a sayi takalma ba, da ba a je Dilimi ba. Na tambayi Malam ko da sabon busta ƙarami irin na asali zai wadatar bayan gyaran zuƙa. Ya ce ga saurayi a Legas, ƙwarai. Ga dattijo mai ciwon gwiwa, a Jos, da babban masta da wannan kam, shi babban zai sake zaɓa. Na yarda da shi, lissafin Kawu ma haka ya nuna: kilo 88 a inda aka tsara 113.

Matsaloli biyun da suka biyo bayan ɗaurawa ba na kayan ba ne. Roba mai milimita 6 da zare mai milimita 1.5 ne, kuma dukansu sun faru a ranakun da aka yi aiki ba awo, da matsawata. Na biyun ya fi tsaya mini a rai, don ya ɓoya a gareji ya bayyana a kan titi, kuma da a gangara ya same mu man na iya tafasa feda ta tafi ƙasa.

Akwai abin da aka rasa. Feda ta yi taushi fiye da yadda masu son irin wannan mota suke so, ni kaina na fi jin hanya a ƙafata da tsohon. An kuma huda bangon mota mai daraja. Kawu ya sa an toshe tsofaffin ramukan da roba maimakon walda, ya wanke tsohon bustan ya ajiye a kwali tare da kwalin da aka yi zanen ramuka, ko wani zai so mayar da ita yadda take wata rana. Har yanzu gaba ya fi baya kamawa, saboda kalifofin Toyota sun fi ƙarfin gangunan asali. Malam ya ce a kawo ta bayan damina ya auna matsin kowane layi, kafin a san ko za a taɓa bawul ɗin da ke raba mai tsakanin gaba da baya.